Tun da ɗana ya rasu hannuna ya ƙi ɗaguwa

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce 'yar shekara 29, shekararmu bakwai da aure. Wata takwas ke nan da Allah Ya karɓi ran ɗanmu, yana da shekara huɗu, kuma shi kaɗai gare mu. Ciwon huhu ne ya kwantar da shi, muka yi kwana 11 a asibiti. A kwanakin nan sallayata a gefen gadonsa take, in na yi sujada sai in daɗe ban ɗago ba, ina cewa ya Allah Ka bar mini shi. Rana ta goma har ya buɗe ido ya nemi ruwa, na ce a raina an amsa. Washegari da asuba ya cika.

Bayan rasuwar na ji Hajiya, mahaifiyar maigidana, tana ce wa wata baƙuwa addu'ar uwa ba ta faɗuwa ƙasa, da an dage da an ga haske. Shi kuma maigidana duk ranar da ya same ni ina kuka sai ya ce alƙalami ya riga ya bushe, ko duniya ce ta taru tana addu'a kwanan yaro ya ƙare. Na rasa maganar da zan kama. In ta Hajiya ce gaskiya, ni ce na gaza ke nan. In tasa ce, to don me na kwana 11 ina roƙon abin da aka riga aka yanke? Salla ban bar ta ba, amma in na sallame hannuna ba ya ɗaguwa. Yanzu ina da ciki wata biyar. Ina tsoron in roƙa a sake hana ni, ina kuma tsoron in ƙi roƙa wani abu ya faru in ce ni na jawo. Anti, mene ne amfanin addu'a idan nufin Allah ba ya canzawa? Kuma wannan tambayar da nake yi, ba ta taɓa mini imani ba?

Daga wata uwa, an sakaya sunanta

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya sa mai ceto ne, Ya ba ki dangana, Ya sanyaya miki zuciya. Da na zo wurin da ya buɗe ido ya nemi ruwa sai da na ajiye wasiƙar na ɗan zauna, domin na san wannan hasken da yake zuwa kafin tafiya, na kuma san yadda yake yaudarar zuciyar mai jinya.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ce ba na so ki ƙara kwana da ita. Imaninki yana nan. Wasu sahabbai sun zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka ce suna jin abubuwa a ransu waɗanda suke ganin girman furta su. Ya tambaye su ko da gaske suna jin haka, suka ce e, sai ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Muslim ne ya ruwaito. Tsoron da ya kama ki don tambayar ta ɗarsu a ranki shi kansa shaida ne. Annabi Ibrahim ya roƙi Ubangijinsa Ya nuna masa yadda Yake raya matattu, aka ce masa ba ka yi imani ba ne, ya ce na yi, don dai zuciyata ta natsu. Yana nan a Baƙara, aya ta 260. Ke ma natsuwa kike nema, ga shi kuma sau biyar a rana kina tsayawa gaban Wanda kike tambaya a kanSa.

Sai maganar Hajiya. Kuskure ce, kuma ba zan lulluɓe miki ba. Da a ce yawan naci da tsarkin zuciya su ne suke riƙe ran ɗa, da babu wanda zai riga Manzon Allah tsira daga wannan ɗacin. Amma 'ya'yansa bakwai, shida ya binne da ransa, Faɗima ce kawai ta rage, ita ma ta bi shi bayan kamar wata shida. Sahabi Anas ya ba da labarin ranar da suka shiga wurin Ibrahim, ƙaramin ɗan Manzon Allah, a gidan maƙerin nan Abu Saif, yaron yana numfashin ƙarshe, bai kai shekara biyu ba. Idanun Manzon Allah suka fara zubar da hawaye. Abdurrahman ɗan Auf ya ce har da kai ya Manzon Allah? Ya ce wannan rahama ce. Sannan ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi, kuma lallai mu masu baƙin cikin rabuwa da kai ne ya Ibrahim. Wa zai buɗe baki ya ce da ya dage da an ga haske? Annabi Nuhu ya kira Ubangijinsa a kan ɗansa, ruwa ya tafi da shi. Allah Ya ce a ƙarshen Suratul Munafiƙun ba Ya jinkirta wa rai idan ajalinsa ya zo. Saboda haka ki sauke wannan kayan, tun farko ba naki ba ne.

Duk da haka ba na so ki ƙullaci tsohuwar. Ita ma jika ta rasa. Na sha ganin yadda mutum idan mutuwa ta girgiza shi yake laluben dalili ko ta halin ƙaƙa, don ya fi masa sauƙi ya ce da an yi kaza a kan ya yarda cewa an yi duk abin yi kuma aka rasa. Mai yiwuwa ma ba da ke take ba, wataƙila kanta take tuhuma, wataƙila kuma ta manta ta taɓa faɗa, ke kuwa kin ɗauke ta wata takwas. Ban ga amfanin ki tunkare ta ba. In maganar ta sake fitowa, ɗanta ne ya kamata ya zauna da ita cikin ladabi ya ce, Hajiya, wannan kalmar tana yi mata ciwo. In ba ta sake ba, ki bar ta ta bi iska.

Maganar maigidanki kuwa gaskiya ce, amma rabinta ya ɗauko. Kalmar da yake faɗa daga wasiyyar da Manzon Allah ya yi wa Abdullahi ɗan Abbas ta fito, yana yaro, yana bayansa a kan dabba. Tirmizi ya kawo ta. A ƙarshenta ne aka ce da al'umma za ta taru don ta amfane ka ko ta cuce ka, ba za ta iya ba sai da abin da Allah Ya rubuta, an ɗauke alƙaluma, takardu sun bushe. To a cikin wannan wasiyyar, jimla kaɗan kafin nan, aka ce idan za ka roƙa ka roƙi Allah, idan za ka nemi taimako ka nemi taimakon Allah. Baki ɗaya ne ya faɗi duka biyun, a zama ɗaya, ga yaro ɗaya. Wanda ya fi kowa sanin cewa alƙalami ya bushe shi ne ya fi kowa yawan addu'a. Da akwai karo tsakaninsu da shi ya fara gani.

Abin da ke faruwa shi ne, mu mutane idan mun ji an ce an rubuta, sai mu zaci ƙarshen labari kawai aka rubuta, aka bar hanyar da za ta kai can babu komai. Ba haka ba ne. Wanda Ya rubuta ƙoshi Ya rubuta cin abinci, Wanda Ya rubuta haihuwa Ya rubuta aure, Wanda Ya rubuta warakar wani Ya rubuta maganin da zai sha da addu'ar da uwarsa za ta yi masa cikin dare. Addu'a ba daga waje take zuwa ta ƙwanƙwasa wa ƙaddara ƙofa ba, a cikinta take tun asali. Ki duba maigidanki kansa. Da jikin yaron ya yi zafi, ai bai zauna ya ce alƙalami ya bushe ba. Ya ɗauke shi ya kai asibiti, ya bi layin sayen magani, ya tsaya aka sa masa robar iska a hanci. Bai ga karo tsakanin wannan da imaninsa da ƙaddara ba, kuma yana da gaskiya. To sujadarki a gefen gadon nan da ledar maganin da ke hannunsa hukuncinsu ɗaya, dukansu sababi ne.

Wannan muhawarar ta taɓa tashi tsakanin manyan sahabbai. Umar ɗan Haɗɗabi yana halifa ya nufi ƙasar Sham, da ya kai wani wuri da ake kira Sarg sai aka tare shi da labarin annoba ta ɓarke. Bayan shawara ya ce a juya. Abu Ubaida ya ce gudu za a yi daga ƙaddarar Allah? Umar ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ya buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe, duk wanda ya kai su ciki ai da ƙaddarar Allah ya kai su. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya kwatanta addu'a da garkuwa: yarda da ƙaddara ba ta hana mayaƙi ɗaga garkuwa ya tare kibiya, kamar yadda ba ta hana manomi ba shukarsa ruwa. Kuma da sahabbai suka ji cewa an riga an rubuta makomar kowa, suka ce to mu dogara da rubutun mu bar aiki mana, amsar da aka ba su ita ce ku yi aiki, kowa ana sauƙaƙe masa abin da aka halicce shi dominsa.

Na san za ki ce, to ina hadisin da ya ce babu abin da yake mayar da ƙaddara sai addu'a? Yana nan, Tirmizi ya ruwaito shi daga Salmanul Farisi, kuma ina jin shi ne tushen maganar Hajiya. Malamai sun yi bayaninsa da aya ta 39 a Suratur Ra'ad, inda Allah Ya ce Yana shafe abin da Ya so Yana tabbatarwa, kuma asalin littafi yana wurinSa. Akwai abin da yake hannun mala'iku, wanda ake ratayawa a kan sharaɗi: bala'i kaza zai sauka a kan wane sai in ya roƙa, kwanan wane zai yi albarka in ya sada zumunci. Wannan ana shafewa ana tabbatarwa. Sannan akwai sanin Allah, wanda ya ƙunshi ko wanen zai roƙa ko ba zai roƙa ba, da abin da zai biyo baya. Wannan ba ya motsi, domin babu labarin da zai zo wa Allah sabo. A Sahihu Muslim an ce an rubuta ƙaddarorin halittu shekara 50,000 kafin a halicci sammai da ƙasa. Ashe kwana 11 ɗin nan naki ma suna ciki, kowace sujada da kowane ɗigon hawaye. Wanda Ya san za ki roƙa shi ne Ya buɗe miki baki kika roƙa.

Amma ni da ke mun san ba wannan lissafin ne yake hana ki barci ba. Abin da ke cin ki shi ne kin roƙa da dukkan zuciyarki, aka ɗauke shi duk da haka. A nan ba ni da wata dabara da zan sa abin ya daina zafi. Sai dai ki lura, maganin ma an ba shi, likitoci sun yi iya yinsu, ya tafi, kuma ba ki taɓa cewa magani ba shi da amfani ba. Sababi yana aiki da izinin Mai shi, ba ya tilasta Shi. Manzon Allah da kansa ya ce ya roƙi Ubangijinsa abu uku game da al'ummarsa, aka ba shi biyu aka hana shi ɗaya. Bambancin addu'a da magani shi ne, kwalbar maganin da ba ta warkar ba ta tafi ke nan, addu'a kuwa ba ta tafiya a banza. Imam Ahmad ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri cewa babu musulmin da zai yi addu'ar da babu saɓo ko yanke zumunci a cikinta face an ba shi ɗayan uku: ko a gaggauta masa abin da ya roƙa, ko a ajiye masa shi a lahira, ko a kawar masa da wani sharri gwargwadonsa. Sahabbai suka ce ashe sai mu yawaita, ya ce abin da ke wurin Allah ya fi yawa. Ki ƙirga darare 11 na uwa a gefen ɗanta, ki tuna kuma wurin Wa aka ba da ajiyar.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan zurfi, wanda nake ganin shi ne ainihin amsar tambayarki. Ranar Badar, shekara ta 2 bayan hijira, musulmi su 300 da 'yan kai, abokan gaba kusan 1,000. Allah Ya riga Ya yi wa ManzonSa alkawari. Duk da haka ya fuskanci alƙibla ya miƙa hannuwa yana cewa ya Allah Ka cika mini abin da Ka alkawarta mini, bai gushe ba har mayafinsa ya zame daga kafaɗunsa. Abubakar ya ɗauko mayafin ya mayar masa, ya rungume shi ta baya yana cewa ya isa haka ya Annabin Allah, zai cika maka alkawarinSa. Ki tsaya a kan wannan hoton. Mutum ne da ya san alkawari ba ya tashi, yake roƙo har mayafi ya faɗi. Ba tunatar da Allah yake yi ba, ba kuma lallashinSa yake don Ya sauya shawara ba. Bawa ne ya tsaya a inda bawa yake tsayawa. Shi ya sa ya ce addu'a ita ce ibada, sannan ya karanta ayar Suratu Gafir: ku kira Ni in amsa muku. A ƙarshen Suratul Furƙan ma cewa aka yi Ubangijina ba zai kula da ku ba ba don addu'arku ba.

Ki koma da tunaninki ɗakin asibitin nan da ƙarfe biyun dare, masu jinya sun yi barci, ba ki jin komai sai numfashinsa. Tsoron da ke ƙirjinki a lokacin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Da ba ki kai shi goshinki ƙasa ba, ina za ki kai shi? A daren nan ba ke kaɗai ba ce, kina magana da Wanda Ya ce idan bayiNa suka tambaye ka game da Ni, to Ni Makusanci ne. Shi ma yaron, a kwanakinsa na ƙarshe, duk lokacin da ya farka muryar uwarsa yake ji tana ambaton Allah a kansa. Ni ba zan iya kiran wannan asara ba, kuma ina roƙonki kada ki kira shi haka.

Yanzu sai hannun da ya ƙi ɗaguwa. Kada ki yi kokawa da shi, kada kuma ki ɗauka kin bar addu'a. Raka'o'in farilla 17 ne a yini, a kowacce kina karanta Fatiha, kina cewa Kai kaɗai muke neman taimakonKa, Ka shiryar da mu hanya madaidaiciya. Roƙo ne wannan, kuma wata takwas ɗin nan ba ki fasa shi ba. Abin da ya yi miki nauyi shi ne ki ambaci buƙata da sunanta, don kin ambata sau ɗaya aka hana ki. To ki ari bakin waɗanda suka riga ki shiga wannan halin. Annabi Ayyuba da cuta ta daɗe a jikinsa bai ma ce Ka warkar da ni ba, cewa ya yi cuta ta shafe ni, Kai ne Mafi rahamar masu rahama. Halinsa kawai ya shimfiɗa, aka amsa masa. Annabi Yaƙubu ya yi kukan Yusufu har idanunsa suka yi fari, da 'ya'yansa suka yi masa magana ya ce ni ga Allah kaɗai nake kai ƙarar damuwata da baƙin cikina. Ke ma a sujadar ƙarshe ta sallar isha, inda ba a buƙatar ɗaga hannu, ki faɗi jimla ɗaya tak da harshenki: ya Allah na gaji, ina jin tsoro, Ka san halina. Ki yi mako guda a kan haka kada ki ƙara komai.

In kin ɗan samu ƙarfi, sai ki ɗauki addu'ar Ummu Salama: inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allahumma ajurni fi musibati wa akhlif li khairan minha, wato ya Allah Ka ba ni lada a musibata, Ka mayar mini da mafi alheri. Abin da nake so a labarinta shi ne ta faɗi gaskiya cewa da mijinta ya rasu sai ta ce a ranta wa ya fi Abu Salama, sannan ta daure ta faɗi addu'ar. Harshenta ya riga zuciyarta, aka kuma karɓa. Kada kalmar mayarwa ta tsorata ki. Babu wanda ya ce abin da ke cikinki zai zauna a gurbin yayansa. Kowane da matsayinsa, wancan yana nan ɗanki har ku haɗu.

Maigidanki kuma, ina so ki dube shi da wani ido. Uba ne da ya ɗauki gawar ɗansa ɗaya tilo. Wannan kalmar ta alƙalami ya bushe ina kyautata zaton ita ce sandar da yake dogarawa don kada ya faɗi, yana miƙo miki ita ne don ita kaɗai gare shi. Bai san tana dukanki ba, tunda ba ki gaya masa ba. Ki zaɓi lokacin da ba kuka kike ba, ki ce masa: na yarda da ƙaddara kamar yadda ka yarda, amma in ka faɗi haka sai in ji kamar kwanakin da na yi ina roƙo wauta ce, ni abin da nake so ka ce mini ban gaza ba. Ki gaya masa abin da kika ji daga bakin Hajiya ba tare da kin kai ƙararta ba, don ya san nauyin da kike ɗauke da shi. Sannan ki nemi alfarma ɗaya: da dare kafin ku kwanta ya yi addu'a a bayyane, a kan wanda ya tafi da wanda ke tafe, ke ki riƙa cewa amin. A Suratu Yunus Annabi Musa ne ya yi addu'a, amma aka ce an amsa addu'arku ku biyu, masu tafsiri suka ce Haruna amin yake cewa. Mai amin ma mai addu'a ne. Kada ki yi mamaki in muryarsa ta karye a daren farko, wataƙila shi ma tun ranar bai ambaci sunan yaron a gaban Allah ba. In kuwa ya kasa, ko ya ce ba yanzu ba, kada ki ɗauke shi ƙi. Ki nemi mahaifiyarki, ko yayarki, ko wata malama da kika natsu da iliminta da bakinta, ku zauna ido da ido, don akwai abin da takarda ba ta iya yi.

Game da cikin nan, tsoronki biyu duka daga wuri ɗaya suka fito, daga zaton cewa ran wannan jaririn a harshenki yake rataye. Ba a nan yake ba. Aya ta 22 da ta 23 a Suratul Hadid sun ce babu musibar da za ta auku face tana cikin littafi tun kafin a halicce ta, sannan suka faɗi dalilin sanar da mu: don kada ku yi baƙin ciki a kan abin da ya kuɓuce muku. An gaya mana ƙaddara ne don ta raba mu da da-na-sani, Manzon Allah ma ya hana mu cewa da na yi kaza da kaza ya faru, ya ce mu ce Allah Ya ƙaddara kuma abin da Ya so Ya aikata. Wannan maganin abin da ya wuce ne. Abin da ke gaba kuwa ba a nuna mana shafinsa ba, sai aka ce mu roƙa mu yi aiki. Ki roƙa wa cikinki lafiya kai tsaye, ki ari addu'ar Annabi Zakariyya ta neman zuriya ta gari, ba tare da kin ɗauki roƙon a matsayin jarrabawar da za ki ci ko ki faɗi ba.

Ki kuma riƙe awo da muhimmanci, kada tsoron asibiti ya sa ki tsallake ko ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 take ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu. In shiga asibitin da ɗanki ya rasu yana tayar miki da hankali, ki sauya wani, babu laifi. A zuwanki na gaba ki buɗe baki ki gaya wa likita ko ungozoma cewa kin rasa ɗa wata takwas da suka wuce, ki faɗi yadda barcinki yake da cin abincinki. Baƙin cikin rashi idan ya haɗu da ciki yana iya zama ciwon damuwa, ciwo ne kamar kowane, yana da magani, kuma ba raunin imani ba ne. In har wata rana kika ji rayuwar ma ta fita daga ranki, ko tunanin cutar da kanki ya zo miki, a ranar za ki gaya wa maigidanki ku tafi wurin likita, ba sai gobe ba. Nana Maryam da naƙuda ta kai ta gindin dabino cewa ta yi kaicona, ina ma na mutu kafin wannan. Ba a tsawata mata ba. Aka ce kada ki yi baƙin ciki, ga ruwa a ƙarƙashinki, ki girgiza kututturen dabinon ya zubo miki da nunannu. Mace mai naƙuda ina ita ina girgiza dabino, amma aka ce ta sa hannu.

Ki gwada abin da na ce na mako biyu ko uku, jimla ɗaya a sujada da amin ɗin dare, sannan ki sake rubuto mini ki gaya mini yadda ake ciki, ko da amsar ita ce har yanzu hannun bai ɗagu ba. Kafin nan ni zan ɗaga nawa a madadinki. Allah Ya sauke ki lafiya, Ya raya abin da za ki haifa, Ya haɗa ki da ɗanki a inda ba a rabuwa.